Wayar biya kaɗan-kaɗan: a yi lissafin tun daga gida



Mu da ke zaune a Ƙauyen Alu, Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Tarauni muna da abin da mutanen wasu garuruwa ke biyan kuɗin mota su zo nema: kasuwar waya ta Farm Centre a ƙaramar hukumarmu take. Adaidaita Sahu ɗaya ya kai ka. Sauƙi ne, amma sauƙin yana da nasa tarkon. Mutum ya je sayen caja ko canza gilashin da ya fashe, sai ya dawo gida da sabuwar waya a kwali da bashin wata shida a wuyansa, alhali da safe bai fita da wannan niyya ba.

Ra'ayina a kan wannan ba mai lanƙwasa ba ne. Matashin da ba wayar ce ke kawo masa abinci ba, kada ya karɓi waya a kan biya kaɗan-kaɗan. Ya tara, ya saya kuɗi hannu, ko da wadda zai samu ba ta kai wadda ransa ke so ba.

Na san abin da ke tura mu ga bashin. Wayoyin nan daga waje ake kawo su, da dala ake sayo su. Tecno, Infinix da itel, waɗanda suka fi yawa a hannunmu, duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A farkon 2024 ta haye 1,500. Kuɗin waya ya bi ta a guje, albashi kuwa yana tafiyar hawainiya. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, Jihar Kano ta sa nata 71,000, alawus ɗin masu bautar ƙasa ya tashi daga 33,000 zuwa 77,000. Da yawa a cikinmu ma, masu koyarwa a makarantun kuɗi da masu tsaron shago, ba su ganin ko wannan. A wannan rata ne kamfanonin bashin waya irin su Easybuy da M-KOPA suka sami kasuwa. Ka ba da kafin alƙalami, ka tafi da waya yau, ka biya sauran a wata-wata, a wasu tsare-tsaren ma kullum-kullum.

Ba na cewa masu wannan sana'a ɓarayi ne. Sharuɗɗansu a rubuce suke, mu ne ba ma karantawa. A bakin shago lamba biyu kawai kunne ke kamawa: abin da za a bayar yau da abin da za a bayar kowane wata. Lamba ta uku, jimilla, ita ce ainihin kuɗin wayar, ita ce kuma ba a ɗaga murya a kanta.

Ga misali, kuma misali ne kawai don a ga yadda lissafin ke tafiya, ba farashin wani kamfani ba. A ce waya naira 200,000 ce kuɗi hannu. Ka ba da 60,000, saura 140,000. Aka ce za ka riƙa biyan 32,000 har wata shida. Sau shida ɗin ya zama 192,000, a haɗa da kafin alƙalami, wayar ta tsaya maka a 252,000. Ƙarin 52,000 ke nan a kan rancen 140,000, cikin rabin shekara kacal. Idan albashinka 71,000 ne, kusan rabinsa ya tafi tun bai shigo ba, ba a taɓa kuɗin haya ba, ba a taɓa na Adaidaita da na abinci ba, balle baikon Lahadi da ɗan abin da ake aika wa Mama a ƙauye. Yanzu juya lissafin. Mutum ɗaya, 60,000 ɗin nan a hannunsa, yana ajiye 32,000 kowane wata. A wata na biyar yana da 220,000. Ya sayi wayar, ya sa mata gida da gilashin kariya, ya dawo da canji. Wanda ya iya biyan bashin ya iya tarin. Bambancinsu haƙurin wata biyar, kuma kuɗin rashin haƙurin shi ne 52,000. A Luka sura 14 Ubangiji ya ba da misalin mai gini da ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya haƙa tushe. Abin da nake so mu lura da shi a misalin shi ne zaman. A tsaye, a tsakiyar kasuwa, da kwali a hannu da wakili yana murmushi, ba wanda ke lissafi daidai.

Kuɗin ruwan ma ba shi ne ya fi damuna ba. Yawancin wayoyin bashi suna zuwa da wata manhaja a ciki wadda ke ba kamfanin ikon kulle wayar daga nesa idan biya ya makara. Ka tsaya ka duba abin da ke cikin wayarka yau: manhajar banki, WhatsApp ɗin da masu saye ke nemanka ta kansa, rukunin ajinku na makaranta, lambobin dangi, takardun neman aiki. Duk wannan ne ka ba da jingina, ba ƙarfe da gilashi kawai ba. Kuma yaushe ake kullewa? A watan da ba ka da kuɗi, wato watan da albashi ya makara, ko ciwo ya shigo gida, ko ciniki ya tsaya. Daidai lokacin da ka fi bukatar waya don neman mafita, lokacin ne take zama dutse a aljihunka. Daga nan ne ake faɗawa rami na biyu, a ci bashin manhajar rance don a buɗe wayar bashi.

Waɗannan manhajoji mun san halin wasunsu. Sun riƙa kwashe lambobin da ke wayar mutum suna aika wa kowa saƙon cin mutunci, har hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022, Google kuma ya hana irinsu leƙa lambobi da hotunan mutane a 2023. An samu sauƙi, amma wanda ya ci bashi har yanzu yana ba da lambobin mutanen da za a tuntuɓa. A nan maganar ta shafe mu kai tsaye. Lambar wa muke bayarwa? Ta shugaban zumunta, ta abokin waƙa, wani lokaci ta Baba Fasto ko ta wani dattijon ikilisiya, sau da yawa ba tare da an nemi izininsu ba. Ran da aka kira su, bashin ya daina zama sirrinka. Ɗan'uwa ya fara zama a kujerar baya, ya fice kafin a gama addu'ar rufewa, bayan makonni kaɗan a daina ganinsa. Ba wanda ya kore shi. Kunya ce ta raka shi gida. Sa lambar mutum a takardar bashi ba da saninsa ba, ɗaukar sunansa ne ba a tambaya ba, kuma bai dace da mu ba.

Sai kuma ƙwacen waya, wanda ba baƙo ba ne a Kano. Abin ya kai har a watan Mayun 2023 gwamnatin jiha ta bayyana cewa za a ɗauke shi a matsayin fashi da makami. In aka ƙwace wayar bashi a wata na biyu, kada ka ɗauka bashin ya bi ta. Kai ka sa hannu. Tambayi wakilin wannan tun kafin ka sa hannun, ka ce ya nuna maka a rubuce.

Akwai masu cewa tari ma asara ne, domin kafin ka tara farashi ya tashi. Suna da hujja: wanda ya fara tarin waya a farkon 2023 ya ga hakan da idonsa. Amma ba kowace shekara naira ke irin wannan faɗuwa ba, ƙarin da ke kan bashi kuwa tabbas ne tun ranar farko. Kuma kasuwar waya tana da wani hali da ke taimakon mai haƙuri: kamfanoni suna fitar da sabon samfuri kusan kowace shekara, na bara kuwa yana nan yana aiki lafiya, sai dai an daina kallonsa.

Inda na yarda da bashi shi ne inda wayar kayan aiki ce. 'Yar'uwa mai ɗinki da ke samun aiki ta hoton da ta ɗora, mai sayar da kaya ta intanet, ɗan'uwa mai kai saƙo a babur wanda ba zai yi aiki ba sai da taswira, waɗannan keken ɗinki suke saya, sunansa ne kawai waya. Ma'aunin ɗaya ne: abin da wayar za ta ƙara maka a wata ya fi abin da za ka biya a wata? In ka iya rubuta amsar a takarda da lambobi, ka karɓa, ka zaɓi mafi gajeren lokaci, ka ba da kafin alƙalami mafi girma da za ka iya. In amsar ita ce "za ta taimaka dai", to ba a kai can ba. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, mafi yawan wayoyin da ake canzawa gab da Kirsimeti ba mutuwa suka yi ba. Hoto ne ba ya fita kamar na wance. ('Yan'uwa mata, na roƙe ku, a daina auna mai nema da wayar da ya saya. Wanda ya ci bashi don ya burge ki, da bashin zai shigo gidan aure.)

To in kuɗin ya taru, me za a duba? A garin da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, batir ne kan gaba. Mai 5,000mAh ya zama gama-gari, kada ka sauka ƙasa da haka. Sai RAM da wurin ajiya. A kula da rubutun kwali irin "8+8GB": takwas na farko ne na gaske, na biyun aro ne daga wurin ajiya, kuma ba ya gudu kamar na ainihi. Yawan idon kyamara a baya ba shi ne kyan hoto ba. Ɗauki hoto a cikin shago inda haske bai da yawa ka gani. MTN ta kawo 5G Kano tun 2022, amma kafin ka biya ƙari dominsa ka tabbatar yana kamawa a ɗakinka, ba a bakin titin Zariya kaɗai ba. Tambayi kuma nau'in Android ɗin da ke ciki, domin waya kan tsufa ta ciki tun jikinta na ƙyalli: a 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5. Kada a manta ciyar da ita. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, babbar waya kuma ta fi ƙarama ci.

Ta hannu, ko wadda ake kira Landan-yus, hanya ce mai kyau ga mai ƙaramin ƙarfi, muddin a shago mai adireshi aka saya. Danna *#06# lambar IMEI za ta fito; ta dace da ta kwali, a kuma rubuta ta a rasit tare da sunan shago. In iPhone ce, a duba lafiyar batir, a tabbata mai ita na farko ya cire iCloud ɗinsa a gabanka. A tambaya ko ba wayar bashi ba ce da ba a gama biya ba, domin irin wannan tana iya kullewa a hannunka bayan kwanaki, mai sayarwa kuma ya ɓace. Wadda wani yaro zai nuna maka a lungu a rabin kuɗi, ba kwali ba rasit, ka bar ta. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma ana bin sawun waya har a kan wanda take hannunsa. Ko ba a kama ka ba, ka san yadda ake rabuwa da waya a wannan gari: da wuƙa. Mai sayen irin wannan araha shi ke biyan mai wuƙar ladansa.

Tarin shi ne ke yi wa mutane wuya, na sani, domin kuɗin da ke asusun da kake gani kullum ba ya kwana. Iyayenmu mata a zumuntarsu sun daɗe da magance wannan da adashi, kuma ban ga abin da zai hana matasa yi ba. Mutum goma, zubin 20,000 a wata, kowane wata mutum ɗaya ya kwashi 200,000, ba kuɗin ruwa, ba mai kulle masa waya. Shi ma yana da nasa haɗarin, wanda ya kwasa da wuri yana iya yin sanyi da zubi, don haka a yi shi da littafi, mutum biyu su riƙa sa hannu, a sa wani dattijo ya san da shi. Kwasar farko a bar wa wanda wayarsa ta mutu da gaske ko wanda sana'arsa ta tsaya, sauran a jefa ƙuri'a. Wanda ya faɗo a wata na goma, 'yar ƙaramar mai tocila za ta riƙe masa layinsa har lokacin ya yi, cajinta ma yana kwana uku.