Hawasha da Kambo: Wa Za a Tuna da Shi Ranar Gyaran Jazira?

Duk ɗalibin Hausa da ya taɓa jin labarin Hausawan Sudan, abu biyu yakan fara riƙewa: hijirar Sarkin Musulmi Attahiru, da tafiyar alhazai a ƙasa zuwa Makka. Dukansu gaskiya ne, sai dai ba su isa su bayyana yadda mutanen suke samun abin sakawa a bakin salati ba. Mai son sanin wannan sai ya ƙara kalmomi biyu a littafinsa, hawasha da kambo. Hawasha ita ce gonar da hukumar noman Jazira take damƙa wa manomi da sunansa a rubuce. Kambo kuwa, wanda jam'insa kanabi, unguwar 'yan ƙwadago ce a gefen magudanar ruwa, kuma asalin kalmar daga Ingilishi ne, ma'anarta sansani. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, duk gyaran tattalin arzikin Jazira da Shuɗin Nilu da ya tsaya kan mai hawasha ya manta da mai kambo, to gini ne a kan yashi.

Bari mu fara da yadda aka yi aka zo nan. Bayan yaƙin Burmi a watan Yuli na 1903, inda Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas tare da jama'arsa, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Garin da suka kafa har yau da sunansa ake kiransa. Shekara ashirin da 'yan kai bayan Burmi, wato a 1925, Turawan Ingila suka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe aikin noman rani na Jazira a filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Manufarsu ita ce auduga mai dogon zare domin masaƙun Ingila. Daga baya, da aka haɗa da faɗaɗawar Manaƙil, filin ya haura fadan miliyan 2, kuma kowane fadan murabba'in mita 4,200 ne. Ribar auduga an daɗe ana raba ta uku: kashi 40 cikin ɗari na gwamnati, 40 na masu hawasha, 20 na kamfanin Turawa mai gudanarwa, wanda hukumar gwamnati ta gaje shi a 1950.

Mai karatu zai lura cewa a wannan rabo babu kason mai tsinkar auduga. Alhali kuwa hawasha ta fadan 30, wadda da ita aka fara, ta fi ƙarfin gida ɗaya, musamman a lokacin ciyayi da lokacin tsinka. Hannun da ya cike wannan giɓi ya fito daga Darfur da Wadai da Borno da ƙasar Hausa. Alhajin da guzurinsa ya ƙare yakan tsaya ya yi ƙwadago shekara ɗaya ko biyu kafin ya ƙarasa bakin teku, wani kuma shekara biyun takan zama rayuwa ɗungum. A farkon shekarun 1930, da farashin auduga ya faɗi a duniya, masu hawasha da dama suka watsar da gonakinsu, aka ba wasu mutanen yamma. Da kasuwa ta farfaɗo sai ƙofar ta koma ta tsuke. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta shar'anta cewa kakannin mutum su kasance mazauna Sudan tun ƙarshen 1897, kuma wannan ya bar waɗanda suka zo bayan Burmi a waje. An sassauta sharaɗin daga baya, amma kafin nan an gama rabon ƙasa. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba dukan Hausawan yankin ne mazauna kanabi ba, kuma ba dukan mazauna kanabi ne Hausawa ba. Akwai Tama da Bargo da Masalit da wasu jama'u masu yawa. Akwai kuma garuruwan Hausawa da Fulani tsayayyu masu kasuwa da makaranta da masallacin Juma'a, irin su Mai Wurno. Amma matsalar iri ɗaya ce, tana bambanta ne a nauyi kawai. Kambo an kafa shi a matsayin masaukin wucin gadi a kan ƙasar hukumar noma ko ta wani mai gona, saboda haka galibi ba ya cikin taswirar ƙauyuka. Abin da ba ya cikin taswira kuwa da wuya a kai masa famfo ko lantarki ko ɗakin shan magani. Mutum yana iya zama jika na uku a wuri ɗaya, amma ba shi da takardar filin da ɗakinsa yake kai. Ƙungiyar da mazauna suka kafa a 2013, Mu'utamarul Kanabi, tana ƙidaya waɗannan unguwanni da fiye da 2,000.

Wani zai ce wannan batun tausayi ne, ba na tattalin arziki ba. Ni ina ganin lissafi ne tsantsa. Wanda ba shi da tabbacin zama ba ya gina ɗakin bulo, ba ya dasa itacen mangwaro, ba ya sayen injin niƙa, domin bai san ranar da za a ce ya tashi ba. Wanda ba shi da takarda banki ba ya ba shi rance, sai ya koma wurin ɗan kasuwar ƙauye ya ci bashin da Sudaniyawa ke kira shail, wato abin da manoman ƙasar Hausa suka sani da falle: a karɓi kuɗi da damina, a biya da amfanin gona da kaka a farashin da mai kuɗi ya yanka. A yau kuma yawancin aikin hawasha ɗan kambo ne yake yin sa ta hanyar sharaka, noman da ake raba amfani tsakanin mai gona da mai aiki, ko ta hanyar hayar gona ta kaka ɗaya. Mai hawasha da yawa yana Wad Madani ko Khartum ko ƙasashen Larabawa yana wani aikin. To mai noma gonar da ba shi da tabbacin zai sake noma ta baɗi, me zai sa ya ɓata kuɗi wajen taki ko gyaran kwalbati? Asarar ba ta tsaya a kansa ba, tana shafar yawan dawa da alkama da gyaɗar da Sudan duka take ci.

Dokar aikin Jazira ta 2005 ta zo da sunan 'yantar da manomi. Ta ba mai hawasha damar shuka abin da ya ga dama, ta ɗora wa ƙungiyoyin manoma kula da ƙananan magudanai. A shekarun da suka biyo baya aka sallami ma'aikata masu yawa, aka rabu da masana'antun gurzar auduga da ƙaramin jirgin ƙasan da ke jigilar ta. Wannan ya faru ne a zamanin da man fetur, wanda aka fara fitarwa a 1999, ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, kafin Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da mafi yawan rijiyoyin. Magudanai suka cika da laka da ciyawa, gonar da ke ƙarshen layi ta dinga kwana da ƙishi. A duk wannan sauyi, mai hawasha ya samu 'yanci, ko da kuwa 'yancin talauci ne. Ɗan kambo bai samu ko da ambato mai amfani ba.

A kudu, a jihar Shuɗin Nilu, siffar matsalar daban ce amma tushenta ɗaya. Can Hausawa sun shahara da su da noman lambu a gaɓar kogi, wadda ake kira jurf, wato ƙasar da ambaliya take jiƙawa ta janye. Madatsar Rusairis da aka gama a 1966 ta samar da tafki mai kifi, da aka ƙara mata tsawon mita 10 a 2013 kuma ruwa ya cinye gaɓoɓi, aka kwashe jama'a zuwa sababbin garuruwa masu lamba maimakon suna. Mutane suka yi yawa, ƙasar noma ta yi kaɗan. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu jama'un yankin a kan sarauta da mallakar ƙasa, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba. Ɗaruruwa suka mutu daga kowane ɓangare, dubun-dubata suka bar gidajensu, aka ƙone shaguna. Kafofin labarai sun kira shi faɗan ƙabilanci. Amma idan doka ta ce sai mai sarauta yake da ƙasa, kuma sai mai ƙasa yake da sarauta, to duk masunci ko mai lambu da yake son tabbacin abincinsa dole ya shiga neman rawani, kuma neman rawani a ƙasar da wasu suke ganin ta kakanninsu ce ba ya ƙarewa da daɗi.

Sai kuma yaƙin da ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disamba 2023, Singa a tsakiyar 2024. An wawashe taraktoci da iri da rumbuna, kasuwanni suka mutu. Soja ya karɓe Singa a Nuwamba 2024, Wad Madani kuma a Janairu 2025. A cikin kwanakin nan ne aka kai wa wasu kanabi farmaki bisa zargin sun mara wa RSF baya, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta kisan aƙalla mutum 26 a Kambo Tayba. Wanda bai da takarda a lokacin zaman lafiya, shi ne ake fara tuhuma a lokacin yaƙi.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin duka na ƙwadago ne. Shahararren gasasshen naman Sudan sunansa agashe, kuma kowane Bahaushe zai ji harshensa a cikin kalmar, domin tsire ne da ƙuli da yaji. Matan Hausawa suna sayar da godogodo na gero da nono, da gyaɗa, da shayi a bakin tasha. Mark Duffield, a littafinsa na 1981 kan Mai Wurno, ya nuna yadda sana'ar manyan motoci ta zama ginshiƙin arzikin garin. Waɗannan ƙananan sana'o'i ne suke juya kuɗi a ƙauye tsakanin kaka da kaka, kuma su ne suka fi saurin tashi bayan yaƙi, domin jarinsu tukuba ce da gawayi da wuƙa. Sai dai yanzu ciniki ya koma waya. Da takardun kuɗi suka yi wuya, musamman bayan canjin kuɗi na ƙarshen 2024, mutane suka raja'a kan manhajar Bankak ta Bankin Khartum. Buɗe asusu yana bukatar shaidar ɗan ƙasa. Mai tuyar da ba ta da ita sai ta karɓi kuɗinta ta asusun wani, ya cire ladansa. Ga tsohuwar matsalar takarda ta dawo cikin sabuwar riga.

Adalci ne a saurari masu wani ra'ayi. Masu hawasha suna cewa su ma talakawa ne, bashi ya yi musu katutu, kuma ƙasar da kanabi suke kai tana da masu ita tun kafin Bature. Jama'un asali na Shuɗin Nilu suna tuna yadda gwamnatocin Khartum suka yanka dazuzzukansu suka ba manyan 'yan kasuwa masu noman tarakta, don haka duk maganar raba ƙasa tana tayar musu da tsohon miki. Wannan tsoro yana da tushe. Amsata ita ce, abin da ake nema ba ƙwace gonar kowa ba ne. Filin zama daban, filin noma daban. A yi wa kambo rajista a matsayin ƙauye, a biya mai filin diyya ko a musanya masa. A rubuta yarjejeniyar sharaka ta shekara uku ko biyar, yadda banki zai karɓe ta a matsayin jingina, mai hawasha kuma ya san gonarsa tana nan da sunansa. A ba masunci da mai lambu izinin amfani da gaɓa na dogon lokaci ba tare da an tambaye shi waye sarkinsa ba. A kai masu rajistar ɗan ƙasa har cikin kambo. Mai hawasha shi ne zai fara cin ribar wannan, domin gonar da aka yi wa taki tasa ce.

Su ma Hausawan akwai nasu gyaran. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya bayyana jama'ar da ta kai zuriya ta huɗu ko ta biyar a Sudan amma tana kiran kanta matafiya a kan hanyar Makka. Niyyar ibada abin girmamawa ce. Sai dai mai cewa gobe zai tashi ba ya neman takardar fili, ba ya damuwa da kujerar ƙungiyar manoma, yakan kuma yi sanyin jiki wajen kai ɗansa makarantar gwamnati. Matasan yau sun wuce wannan tunani, kuma daidai suka yi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga ɗalibin harshe kuwa, akwai aiki a nan. Farfesa Al-Amin Abu-Manga ya wallafa nazari a 1999 kan yadda Hausar Sudan take sajewa da Larabci. Wanda ya bi wannan sawu ya lura da ɓangaren da aro ya fi yawa da ɓangaren da Hausa ta ba Larabci rance. Kalmomin ƙasa da ruwa da bashi da hukuma, irin su hawasha da jurf da shail, daga bakin masu iko suka shigo. Abin da Hausa ta bayar kuwa sunan abinci ne da ake sayarwa a bakin hanya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum inda aka ajiye kowa a kasuwar Jazira cikin shekara ɗari. Yanzu da ake maganar yashe magudanai da dawo da noma, za a zauna taruka a Barakat da Wad Madani a rubuta sunayen waɗanda za a ba iri da rance. Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne ko sunan wanda zai riƙe fartanyar yana cikin takardar.