Wasan da Maigida Zai Iya Yi da Iyalinsa

Duk wanda ya ratsa Birchi ko Kurfi da la'asar sakaliya ya san yadda dattawa ke haƙa gurabe talatin a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan tsinke wancan tsakuwa, su duƙufa a kan dara har ladan ya kira magariba. Wasa ne na hikima da nazari, amma tun da tilas ɗaya ya ci ɗaya ya tashi da haushi, ba ya shiga cikin gida. Maigida ba zai zauna ya yi dara da ɗansa ba, domin in yaron ya cinye shi a gaban iyali girma ya zube, in kuwa ya sakar masa da gangan wasan ya zama riya. Balle a ce an haɗa uwargida da amarya a kan lido ana neman zaman lafiya.

To, akwai wani nau'in wasa da 'yan wasan duka ɓangare guda ne, allon shi ne abokin gabarsu. Mafi shahara a cikinsu shi ne Pandemic, wanda wani Ba'amurke, Matt Leacock, ya fitar a 2008, inda mutum biyu zuwa huɗu ke zama a gaban taswirar duniya, har da Legas da Alƙahira a ciki, suna shawara yadda za su samo maganin cututtuka huɗu kafin annoba ta ɓarke sau takwas, wanda in ta yi, duka sun faɗi. Hanabi kuwa, na Bafaranshe Antoine Bauza, na 2010, ya fi ba ni mamaki, domin kowa yana riƙe katunansa ne fuskarsu na kallon abokan zama, ba ya ganin abin da ke hannunsa sai an yi masa ishara.

Na san masu ilimi za su tuna mana cewa caca haramun ce bisa ijma'i, kuma Imamu Malik bai so ko shaɗaranji ba. Hukunci nasu ne, ba nawa ba. Abin da zan shaida kawai shi ne waɗannan biyun babu ƙwayar jefawa a cikinsu irin ta lido, kuma da wuya a sa kuɗi inda babu wanda zai cinye wani. Saura sharaɗin kada a shagala har salla ta wuce.

Yanzu da rashin tsaro ya rage hirar dandali a ƙauyukanmu, mutane na kulle ƙofa tun bayan isha'i, kowane yaro ya sunkuya a kan waya, maslahar irin wannan zama a bayyane take. Sai dai na ƙasashen waje suna da tsada, ƙa'idojinsu kuma da Turanci. Alhali mu da muka gaji gayya ba mu buƙatar wani ya koya mana ta'awuni. Ina kira ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita su haɗa kai da kafintocin gari su ƙago mana namu da Hausa, a ce iyali su girbe gero su kai rumbu kafin fara ta sauka, a farashin da manomi zai iya saye.