Raina Tafin Hannu Jahilci Ne

Bara da kaka ɗan yayata ya shigo gida da hannun dama a kumbure suntum. Mahauci ne, a kasuwar Maiganga yake fawa. Hatsaniya ce ta haɗa shi da wani ɗan acaɓa a bakin tasha, ya dunƙule hannu ya kai masa naushi, mutumin ya sunkuya, hannun ya sauka a goshi. Wanda aka nausa ya hau babur ɗinsa ya ci gaba da neman abinci. Wanda ya yi naushin kuwa sai da ya yi mako shida bai riƙe wuƙa ba, ga mata ga 'ya'ya biyu. Na ce masa tunda ta kama dole, me ya hana ka ture shi da tafin hannu ka kama gabanka? Sai ya ce, "Haba Kawu, ai buɗaɗɗen hannu faɗan mata ne."

Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin ba shi kaɗai ke yin ta ba. Na ji ta a bakin samarin da ke koyon karate, na ji ta a majalisar masu shayi. Ni kuma ina cewa jahilci ne da finafinai suka koya mana, inda jarumi ke nausar mutum goma ya karkaɗe riga ya wuce.

Mu fara da namu na gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san ɗan dambe hannu biyu yake shiga da su, kowane da aikinsa. Ɗaya an naɗe shi da ƙyalle an ɗaure da zare tamau, shi ne mashi. Ɗayan a buɗe yake, tafinsa na kallon abokin karawa, shi ne garkuwa. Da shi ake auna tazara, a tare farmaki, a danne kan abokin karawa kafin mashi ya sauka. Dambe kuwa asalinsa wasan mahauta ne, mutanen da suka fi kowa sanin ƙashi da gaɓa. Me ya sa ba su taɓa yarda su kai naushi da hannu tsirara ba? Ko Shago da Ɗan Anace ya yi wa waƙa, sai ya ɗaure hannu yake shiga fili. Shi ma raggo ne?

Dalilin a bayyane yake. Ƙasusuwa 27 ne a hannun ɗan Adam, yawancinsu ƙanana, goshi kuwa yana cikin mafi taurin ƙashin kai. Ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa shi ya fi saurin karyewa, har likitoci suna kiran karayar da sunan 'yan dambe. In kuma hannu ya faɗa kan haƙori ya tsage, ƙwayoyin cutar baki su shige gaɓa, ciwon ya fi karayar muni. Gindin tafi kuwa nama ne mai kauri, yana zaune daidai kan ƙasusuwan damtse.

Wanda bai yarda da ni ba ya tambayi Mike Tyson. A watan Agustan 1988, yana riƙe da kambun duniya, ya nausi Mitch Green a kan titi a unguwar Harlem ta birnin New York ba safar dambe, hannunsa ya tsage, har aka ɗage karawarsa da Frank Bruno. A Japan kuma, gasar Pancrase da aka kafa a 1993 ta hana dukan kai da dunƙulallen hannu, amma Bas Rutten ɗan ƙasar Holan ya riƙa sumar da ƙarti da gindin tafi har ya zama zakaranta. 'Yan kokawar sumo ma da tafi suke tunkuɗa juna waje.

Na san za a ce naushi ya fi kai wa nesa, kuma yatsu na iya lanƙwashewa in an buɗe hannu. Gaskiya ne, shi ya sa abin yake buƙatar koyo wurin gwani. Amma kada wani ya ɗauka ina yabon gasar marin da Dana White ya fito da ita a Amurka a 2023, wadda yaranmu ke kallo a waya suna ihu. Mutum ya tsaya ƙiƙam, an hana shi karewa, a zabga masa mari har ya sume, wannan ai cinikin ƙwaƙwalwa ne. Mari a kunne yana fasa dodon kunne, kuma Bahaushe ya san mari cin mutunci ne da ke mayar da ƙaramar rigima gaba ta shekaru. Abin da nake karewa shi ne hannun garkuwa: ka tare, ka ture ƙirji ko kafaɗa, ka sami hanya ka tsira da lafiyarka.

Kira na ga masu horar da yara a Maiganga da Ngaundare da Garwa shi ne su daina sa ɗalibai nausar bango da sunan taurin hannu. Yawancin yaran nan da hannu suke ci: mahauta ne, teloli, kanikawa, masu tuƙa babur. Ɗan yayata ya warke, amma har yau ƙaramin yatsansa a karkace yake, kuma in sanyin hunturu ya sauko sai ya gasa hannun a wuta kafin ya iya riƙe wuƙa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.