Rigar Gwanjo Ta Jawo Gardamar Makaɗa

 

Kwanakin baya wani ɗalibina ya shigo aji da baƙar riga a ƙarƙashin kayan makaranta, an zana mata takubba a gitte, an rubuta Slayer da jan rubutu. Na ce, "Kai, me ke rubuce a ƙirjinka?" Ya ce, "Malam, wallahi ban sani ba, Baba ne ya sayo mini a gwanjo." Irin waɗannan riguna sun cika kasuwarmu ta Tibati, kowa ya lura zai gan su jikin 'yan acaba da masu tallar kifin Mbakawu.

Ana nan sai ɗan wana da ke karatu a jami'ar Gaundare ya zo hutu, na ba shi labari. Ya yi dariya ya ce, "Baffa, ai makaɗa ne." Ya kunna mini a wayarsa. Jama'a, ban yi minti guda ba na ce ya rage, domin ji na yi kamar an tayar da injin niƙa goma a ɗaki ɗaya. Ya ce shi da abokansa kullum suna gardama a kan wace ƙungiya ce ta fi tasiri a wannan kiɗa. Tun da malami ba ya raina tambaya, sai na zauna na bi diddigin maganar.

Sunan kiɗan thrash metal, wato a Hausance kiɗan ƙarfe mai dukan sussuka. Da jita mai lantarki da ganguna ake yin sa, cikin gaggawa da ƙara. Ya taso a Amurka a farkon shekarun 1980, kuma ƙungiyoyi huɗu ake kira manyansa. Metallica da Slayer sun kafu a jihar Kalifoniya a 1981, Anthrax kuma a birnin Niyok a wannan shekarar. Ta huɗun, Megadeth, rigima ce ta haife ta: a 1983 'yan Metallica suka kori mai jitarsu Dave Mustaine, shi kuwa ya yi zuciya ya kafa tasa. Sunayen kansu abin dubawa ne. Slayer na nufin mai kisa, Anthrax kuwa shi ne ciwon shanun nan da muke kira saifa, wanda duk makiyayin Adamawa ke neman tsari da shi.

To, wace ce ta fi? Idan yawan masu saurare za a bi, babu gardama Metallica ce. Faifansu na 1986, Master of Puppets, har babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin kayan tarihin da ake adanawa. Na 1991 kuwa, wanda ake kira baƙin faifai, an sayar da fiye da miliyan 16 a Amurka kaɗai. Sai dai a wannan faifan sun rage gudu, sun sassauta, shi ya sa tsofaffin masoyansu suka ce sun bi kasuwa.

Slayer ba su sassauta ba. Faifansu na 1986, Reign in Blood, waƙa goma ne cikin ƙasa da minti 30, saboda tsabar gudu. Cinikinsu bai kai na Metallica ba ko kusa, amma makaɗa masu yawa da suka zo daga baya, musamman masu salon da ake kira death metal, sun sha faɗa da bakinsu cewa a wurin Slayer suka ɗebo wuta. Salon nan ya kai har ƙasar Botswana, inda ƙungiyar Overthrust ta garin Ghanzi ke yin sa.

A nan na ce wa ɗana, tasiri iri biyu ne. Akwai na mai buɗe wa jama'a ƙofa, akwai na mai koya wa 'yan sana'a hannu. Metallica ta jawo duniya ta saurara, Slayer ta haifi magada. In an matsa mini in zaɓi ɗaya, Metallica zan ɗauka, domin da yawa daga masu yabon Slayer ta ƙofar Metallica suka shigo gidan.

Da na faɗi haka sai na tuna ashe wannan gardama tsohuwa ce a wurinmu. Muna yara, a gindin rediyo muke kwana ana kamo Kaduna, iyayenmu na musu a kan Alhaji Mamman Shata da Ibrahim Narambaɗa. Shata, mutumin Musawa ta ƙasar Katsina, da kalangu ya yi wa kowa waƙa: sarki, direba, manomi, ɗan kasuwa, soja. Nan take yake ƙaga waƙa a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma da ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, har nan Kamaru sai da aka yi ta yi wa juna gaisuwa. Narambaɗa kuwa makaɗin fada ne, da kotso ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa. Bai zaga duniya kamar Shata ba, amma masu nazarin waƙa har yau Bakandamiyarsa suke ɗauka in suna son nuna wa ɗalibi yadda ake saƙa magana. Ga kuma Musa Ɗanƙwairo, da Ɗan Maraya Jos mai kuntigi, da Barmani Coge mai amada, kowa da nasa mutanen. Nan gida ma marigayi Ali Baba na Garwa ya kai kiɗan arewa kunnen mutanen Yawunde da Duwala. A nawa ganin Shata shi ne mai buɗe ƙofa, Narambaɗa shi ne malamin makaɗa.

Abin da ya dame ni ya biyo baya. Na tambayi ɗan wan nawa ko ya san Narambaɗa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Baffa, ɗan siyasa ne?" Yaron da ya san shekarar da aka kori Mustaine! Da makaranta ta koma na gwada 'yan ajina na gidajen Hausawa. Kaɗan suka san sunan Shata, su ma don kakanninsu na kunna shi. Ban ga laifinsu ba. Faransanci suke yi a aji, Fillanci a kasuwa, Hausar kuma sai an koma gida, in ma ana yi. Makaɗi kuwa komai girmansa, ranar da aka rasa mai fahimtar maganarsa, ranar tasirinsa ya ƙare. Turawan nan sun rubuta tarihin makaɗansu shekara da shekara, shi ya sa sunansu ya iso Tibati a cikin dilar gwanjo. Namu tsofaffin kasakasai suna can cikin kwali ƙarƙashin gado, gara na ci.

Saboda haka shawarata biyu ce. Ta farko, kafin ka saya wa yaro rigar gwanjo, ka nemi mai karanta maka abin da ke jiki, domin wasu waƙoƙin mutanen nan a kan mutuwa da yaƙi da shaiɗan suke, bai kamata yaro ya shiga sahun Juma'a da irin wannan zane ba. Ta biyu, waƙoƙin Shata da Narambaɗa duk suna samuwa a waya yanzu. Ka kunna wa 'ya'yanka bayan sallar isha'i, ka tsaya ka warware musu kalmomin da suka shige musu duhu. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, amma sai babban ya buɗe baki.

Ni da ɗan wana mun yi yarjejeniya: zan daure in saurari faifan Metallica guda har ƙarshe, shi kuma zai zauna mu bi Bakandamiya baiti-baiti. Ya riga ya cika nasa alkawarin, har ya cika takarda biyu da kalmomin da bai sani ba. Ni ne dai har yanzu nake neman ranar da kaina ba ya ciwo.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.