Lesoto: ga ƙoshi ga kwanan yunwa

Lesoto wata ƴar ƙasa ce da Afrika ta Kudu ta kewaye gabas da yamma, kudu da arewa. Mutanenta miliyan 2 ne da ƴan kai, kuma galibinta tsaunuka ne: wurin da ya fi ko'ina gangarawa a cikinta ma yana da tudun mita 1400 bisa teku. Allah ya hore mata ruwa, domin daga duwatsunta ne kogin Senqu, wanda aka fi sani da Orange, yake fitowa. Amma abin mamaki, ƙasar da ke saida wa maƙwabciyarta ruwa ita ce ke sayen wutar lantarki a hannun wannan maƙwabciya. Ya kamata mu tsaya mu dubi yadda aka yi haka ta faru.

A watan Janairu na 1986, gwamnatin wariyar launin fata ta Afrika ta Kudu ta toshe iyakokin Lesoto. Cikin ƴan kwanaki sojoji, a ƙarƙashin Janar Justin Lekhanya, suka kifar da gwamnatin Leabua Jonathan. A watan Oktoba na wannan shekara aka sa hannu kan yarjejeniyar ruwan tsaunukan Lesoto. Afrika ta Kudu ta ɗauki nauyin gina madatsu da hanyoyin ruwa na ƙarƙashin duwatsu, tare da biyan kuɗin ruwan da take sha. Ita ko Lesoto ta ɗauki nauyin tashar lantarki.

Da haka aka gina madatsar Katse mai tsawon mita 185, daga baya kuma ta Mohale. Daga Katse ruwa yana bin ramin da aka fasa cikin dutse, mai tsawon kilomita 45, ya faɗa kan injuna 3 na tashar Muela, waɗanda ke ba da megawat 72, sannan ya zarce zuwa madatsar Vaal da ke shayar da Johannesburg da masana'antunta. Ma'ana, injunan Muela ba sa juyawa sai in ruwa na kan hanyarsa ta zuwa ga mai saye.

Lokacin da tashar ta fara aiki, a ƙarshen shekarun 1990, ta kusa wadatar da ƙasar. Tun daga nan buƙata ta yi ta ƙaruwa, tashar kuwa tana nan yadda take. A sanyin Yuni da Yuli, sa'ad da ƙanƙara ke rufe tsaunuka, wutar da ake nema ta ninka abin da Muela ke bayarwa har da ɗoriya. Cikon sai an sayo daga kamfanin Eskom na Afrika ta Kudu da EDM na Mozambik. Ranar 1 ga Oktoba 2024 aka rufe ramukan ruwan don gyara, aikin da aka tsara na wata 6 amma ya zarce. Muela ta tsaya cik, ƙasar ta koma dogaro da wutar waje kusan baki ɗaya. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce kayan aro ba ya rufe katara.

Talakawa ne suka fi biyan farashin wannan aiki. Dubban mutane sun rasa gonaki da makiyaya, wasu har da gidaje, kuma akwai ƙauyukan da ke hangen ruwan madatsa da rana, su kwana da fitilar kananzir. Ga kuma cin hanci. Sai dai a nan dole mu jinjina wa alƙalan Lesoto: a 2002 sun ɗaure Masupha Sole, tsohon shugaban hukumar da ke kula da aikin, suka kuma kama manyan kamfanoni da laifin ba shi toshiyar baki, ciki har da Acres na Kanada da Lahmeyer na Jamus. Ƙasashe da yawa da suka fi Lesoto girma ba su taɓa yin haka ba.

Magabatan Maseru sun fara farkawa. A 2023 tashar hasken rana ta Ramarothole, a jihar Mafeteng, ta fara ba da megawat 30, kuma a shekarar ce aka ƙaddamar da ginin madatsar Polihali. A ganinmu hanyar hasken rana ita ce ta fi dacewa da mutanen kan tudu, domin jan waya zuwa ƙauyen da sai da doki ake isarsa yana cin kuɗin da ƙaramar tasha a bakin ƙauyen ba za ta ci ba. Amma megawat 30 ba su cike giɓin ba, kuma rana na faɗuwa daidai lokacin da ake kunna fitilu. Dole a haɗa ta da ruwan da ƙasar ke da ikon buɗewa da rufewa da kanta.

Mu ƴan Nijar ba baƙin wannan labari ba ne. Kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa sa'ad da aka katse ta a watan Agusta na 2023, kuma daga Yamai har Maraɗi da Damagaram kowa ya ɗanɗana kuɗarsa. An ɗora tubalin madatsar Kandaji tun 2008, har yau muna jiran megawat 130 ɗinta. Tashoshin hasken rana na Malbaza da Goru Banda somin taɓi ne kawai.

Sayen wuta a hannun maƙwabci ba laifi ba ne. Laifin shi ne a rasa abin kunnawa ran da ya rufe. Don haka muna kira ga magabata da su bayyana wa ƴan ƙasa inda aikin Kandaji ya tsaya, su biya waɗanda ruwan zai tayar haƙƙinsu kafin a tashe su, su kuma ba alƙalai dama su bi sawun kowane dala. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.