A gwada icce kafin a ɗora shi bisa kan jama'a

Tun bayan farin 1973 ƙasarmu ta duƙufa ga dashen itatuwa. A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, tun 1975 aka soma jera dogon yaro don tsare gonaki daga iska. A wasu wurare kuwa turare aka dasa, wanda masana ke kira ekaliptus. Itatuwan sun girma, ana sara, ana kaiwa kasuwa. Amma da sauran aiki, domin mai saye bai san nauyin da kowace sanda za ta iya ɗauka ba.

Kakanninmu da azarar giginya suke rufin soro. Sun san namijin giginya ya fi macen ƙarfi, bayan gangar kuma ya fi cikinta tauri. Sai dai giginya tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara, wadda ke yankin Gaya kuwa ba za ta wadatar da maginan ƙasa duka ba.

Iccen da ya girma da gaggawa yana da nasa hali. Naman da ya yi tun yana ƙarami, kusa da tsakiya, bai cika tauri ba, yakan kuma karkace in ya bushe. Turare yakan tsage bayan sara. Farin sashen da ke ƙarƙashin ɓawo kuwa shi gara ke fara ci.

Hanyar gwaji sananniya ce. Ana busar da katako har damshinsa ya sauko zuwa kashi 12 cikin 100, a ɗora shi bisa madogara biyu, a yi ta ƙara masa nauyi har ya karye, a rubuta. In an gwada da yawa, sai a tsai da adadin da 95 cikin 100 suka kai ko suka zarce, shi ne ƙarfin da magini zai dogara gare shi. Daga nan mai dubawa zai ware katako daraja daraja, yana lura da ƙulli da tsagewa da karkatar jijiya. A Turai har lamba ake bugawa, kamar C24 ko D30.

Muna kira ga cibiyar INRAN da Jami'ar Abdu Mumuni da ma'aikatan gandun daji su haɗa kai su gwada dogon yaro da turaren ƙasarmu, su fitar da ƙa'ida cikin harsunan ƙasa, wadda kafinta zai gane. A sa hatimi ga kowane katako, tun daga kasuwar Katako ta Yamai har Maraɗi da Damagaram. Mai ƙarfi a yi rufin aji da ɗakin shan magani da shi, mai rauni a yi rumfa da shinge.

Ta haka manomin da ya dasa zai sami kuɗin wahalarsa, katakon da muke sayowa daga ƙasashen gaɓar teku ya ragu, ƴaƴanmu kuma su zauna ƙarƙashin rufin da aka san ƙarfinsa. Allah shi taimake mu.