Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Hausawa Mazauna Guangzhou



Alhazai iyayenmu, masu riƙe da jama'a tun daga Sanyuanli a gundumar Baiyun har zuwa Xiaobei, ina gaishe ku da ɗawainiya. Kowa ya shaida idan ɗan uwa ya rasu a garin nan, kafin a ce me an yi karo-karo, an sanar da gida, an yi masa sutura. Allah Ya saka muku da alheri. Inda nake so ku waiwaya shi ne kwanakin farko, bayan likita ya miƙa wa mutum takarda da rubutun Sinanci ya ce ciwon daji ne. A nan ake tafka asara, kuma a nan ne ba mu da tsari ko kaɗan.

Abin ya fi muni idan ciwon irin wanda ba a saba gani ba ne. Likitocin Turai kan sa ciwon daji a wannan sahu idan waɗanda yake kamawa a shekara ba su kai 6 cikin mutum 100,000 ba. Likita kan shekara da shekaru yana aiki bai ci karo da irinsa ba, majiyyaci kuma ba shi da wanda ya riga shi bin hanyar da zai tambaya. Sai ya ɗauki waya ya shiga lalube.

Ku tuna da Wei Zexi, ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Xidian da ke Xi'an, ɗan shekara 21. Wani nau'in sarkoma ne ya kama shi, mai fitowa kusa da gaɓoɓi. Ya bincika a Baidu, wani asibiti a Beijing ya fito masa a sama, bai san kuɗi aka biya aka ɗora shi a wurin ba. Iyayensa suka kashe kusan yuwan 200,000 a kan maganin da ba a tabbatar da amfaninsa ba, ya rasu ranar 12 ga Afrilu, 2016. Sai bayan haka hukumomi suka tilasta wa kamfanin ya rage tallar, ya kuma bambanta ta a fili. To idan ɗan ƙasa mai ilimi, wanda aka haifa cikin harshen, ya faɗa wannan rami, ina ga Alhajin da ya zo daga Kantin Kwari saro shadda, bizarsa na kwana 30?

Shi Alhajin dai abin da ya riƙa shi ne tafintan kasuwa. Tafinta ya iya cinikin kwali da kwantena, amma bai san bambancin ƙari mai yaɗuwa da wanda ba ya yaɗuwa ba. Wani ma, ba sai an ɓoye ba, la'ada yake karɓa a asibitin kuɗin da ya kai mutum. Roƙona na farko kenan: cikin yaranmu da ke karatun likitanci a ƙasar nan ku zaɓi amintattu, ku ɗauki nauyinsu daga asusun jama'a, su riƙa raka majiyyaci, ba tare da hannunsu ya taɓa kuɗin wani asibiti ba.

Abin takaicin shi ne maganin yana kusa da mu. Cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Sun Yat-sen, wadda aka kafa a 1964, tana kan titin Dongfeng. Asibitin Nanfang kuwa a cikin Baiyun ɗin nan yake. Akwai ciwon dajin bayan hanci, mai farawa da kumburi a wuya ko haɓo ko toshewar kunne ɗaya. A yawancin duniya da wuya a gan shi, amma a lardin Guangdong ya yawaita, don haka likitocin nan suna sahun gaba a saninsa. Ku sanar da jama'a cewa wanda aka yanki ɗan namansa aka gwada zai iya neman gilashin gwajin ya kai babbar cibiya a sake dubawa. A irin waɗannan cututtuka, idan aka kuskure sunan ciwo tun farko, duk maganin da ya biyo baya ya kauce.

Malamanmu ma da nasu aikin. Har yanzu akwai mai cewa daji ba a sa masa ƙarfe, sai ya ƙi gwaji, ya koma gida neman saiwa, ya dawo bayan ciwo ya ci jiki. Ranar Juma'a, in an taru bayan salla a masallacin da ake jingina wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas, kalma ɗaya daga bakin malami ta fi takarda goma. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Sai biza. Dokar shige da fice da ta fara aiki a 2013 ta sa tarar yuwan 500 a kowace rana ga wanda ya wuce wa'adi, har zuwa 10,000, kuma neman ƙarin wa'adi sai da saura kwana 7. Mutumin da ke kwance ana ɗura masa magani ba ya lissafin kwanaki. Ku zauna da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke garin nan a san wanda za a kira, 'yan uwanmu na Nijar kuma a haɗa su da ofishinsu na Beijing.

Wanda ya zaɓi komawa gida kada ya hau jirgi hannu rabbana. Ya tafi da rahoto cikin Turanci, da faifan hotunan jikinsa, da sunayen magungunan da aka ba shi, don likitan Shika ko na Asibitin Malam Aminu Kano ko na Yamai ya ɗora daga inda aka tsaya. A kuma faɗa masa gaskiya: asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin Najeriya ya fara ne da na mama da bakin mahaifa da mafitsarar maza, saboda haka mai baƙon ciwo a kanmu zai dogara.

Ɗan kasuwa kan ɓoye ciwo don kada masu binsa bashi su firgita. Duk wanda za ku ɗora a kan wannan aiki ya kasance mai riƙe sirri. Ina roƙon ku kira zama kafin baje kolin Canton na Oktoba, lokacin da baƙi ke cika gari.

Wassalam.

Ɗanku,
wani mazaunin Sanyuanli.